Haladu da Kwamfutar Inna Marka

A Marken Dawa, bayan masallacin Juma'a, akwai gidan marigayi Gwadabe mai shela. Mutum biyu suka rage a cikinsa: matarsa Inna Marka, wadda idonta ya fara rauni amma kunnenta garau, da ɗanta Haladu. Sai akuya guda mai shegen ci da kaji masu yawon gari. Haladu ya haura talatin, ƙato ne, ga ƙarfi ga ladabi, bai taɓa musu da kowa ba. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a bakin hanya ka manta da shi, a nan za ka tarar da shi gobe, har ya yi maka sannu da zuwa. Mutanen gari sun daɗe da gane haka, shi ya sa duk mai aikensa sai ya tauna maganarsa kafin ya furta.

Haladu yana da yaya mai suna Barira, malamar makaranta ce, tana aure a Funtuwa. Kafin rasuwar mahaifinsu ta taɓa zuwa da kwamfutarta irin mai buɗewa kamar littafi, ta zaunar da tsohon a zaure, ta naɗi muryarsa yana ba ta labarin garin da na shelar da ya yi wa masu gari tun yana saurayi. Da Inna ta fita takaba, Barira ta bar mata kwamfutar, tunda dama kwamfutar ta tsufa har ita Barira ta sayi wata. Ta haɗo mata da 'yar sifika, da maus, da kibod na waje saboda na jikinta ya lalace, da wata firinta da makarantarsu ta yar. Ta koya wa Haladu kunnawa. Kowace safiya, in Inna ta gama lazimi, Haladu zai kunna mata muryar ya fice, ita kuma ta saurara ita kaɗai.

Muryar nan a wuri ɗaya take a duk duniya, wato cikin wannan tsohuwar kwamfuta. Barira ta sha cewa za ta kwafe ta a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake cusawa a gefen kwamfuta, amma duk zuwan da za ta yi sai ta tarar ta baro filash ɗin a ɗaya jakar. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi kuwa, Inna ba ta faɗa ba ta ƙorafi, sai dai kwanon abincinta ya dawo yadda aka kai shi. Haladu ba ya son ganin wannan kwano. Don haka da zarar wani abu ya lalace, sai ya ɗauki 'yar salular Inna ya kira Funtuwa, ya kasa kunne kamar mai karɓar wasiyya.

Wata rana maus ya daina aiki. Haladu ya ja shi dama ya ja shi hagu, 'yar kibiyar da ke kan allon ta kafe a kusurwa. Ya kira Barira, ya same ta za ta shiga aji. Cikin sauri ta ce ya zare wayar maus ɗin ya sake cusa ta, in bai yi ba ya sake, har sai ya yi. Haladu ya gyara zama a kan tabarma ya kama aiki. Ya zare, ya cusa. Hantsi ya yi, abokan noma suka yi ta kira daga ƙofar gida, ya ce su yi gaba yana da uzuri. Inna ta kawo masa dambu, ya riƙa ci da dama yana zarewa da hagu. Da la'asar Barira ta kira ta ji ko an dace, ya ce har yanzu dai ana kai. Sai ta ce ya duba wayar da kyau ya gaya mata abin da ya gani.

"Wace daga ciki, Yaya? Guntuwar da ke hannuna ko wadda ke jikin maus ɗin?"

Ashe tun jiya akuya ta tauna wayar ta raba ta biyu. Barira ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun da safe. Ya ce ya gani sarai, amma ba ta tambaya ba, kuma bai ga kyan ya katse babba tana magana ba. Sai ranar kasuwa aka sayo wani maus, akuya kuma aka matsar da turkenta bayan rumbu.

Wata rana cikin bazara, kwamfuta ta fara ɗaukar zafi, fankar cikinta na huci, tana mutuwa ana tsakiyar labari. Barira ta ce zafi ne ya yi mata yawa, in Inna ta gama saurare ya kai ta wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan ta huta, amma kada ruwa ya taɓa ta. Ta ƙara wannan na ƙarshen ne don ta fara koyon darasi. Haladu bai yi garaje ba. Ya taɓa ƙasan gado, ya taɓa gindin randa, ya tsaya a inuwar darbejiya yana auna iska da tafin hannu. Duk da dama-dama, amma babu kamar rijiya. Ya naɗe kwamfuta a zanen Inna, ya sa ta a guga, ya zura a hankali har ta kai rabin rijiya, ya ɗaure igiyar a gungumen bakinta, ya tafi gona da kwanciyar rai. Can Hansai maƙwabciyarsu ta shigo ɗiban ruwa kamar yadda ta saba. Ta ja igiya ta ji nauyi, ta yi murna wani ya bar mata guga cike. Da abu ya iso baki ta ga ƙunshi a zane, sai ta saki salati, ta riƙe igiya ta kasa saki ta kasa jawowa, tana kiran Inna ta zo ta ga abin da aka yi musu a rijiya. Kafin Haladu ya dawo mata sun cika tsakar gida, har an aika an kira liman ya zo. Shi kuwa ya kutsa cikinsu, ya kwance zane, ya dafa bayan kwamfuta, ya ji ta sanyi ƙalau. Ya nuna wa liman cewa ko ɗigo bai taɓa ta ba, kuma liman ya duba ya ga gaskiya ne.

Wata rana Inna ta ce tana son hoton Malam a takarda, wanda za ta iya kawowa kusa da idonta. Hoton yana cikin kwamfuta, ga firinta a ajiye, amma farar takardar da Barira ta bari ta ƙare. Barira ta bi da Haladu mataki-mataki har firinta ta farka tana ƙifta jar wuta. Ta ce takarda take nema, ya samo kowace iri ce a gwada tukuna, in dai takarda ce kuma ta kai faɗin bakin. Haladu ya zaga gida bai samu ba, ya fita. A bakin tasha ya sami mai tsire yana yanka takardar buhun siminti da yake naɗe nama da ita, ya roƙi guda. Mai tsire ya ce sabuwa ba ta kyauta ba ce, amma ga wadda wani ya gama ci ya bari. Haladu ya auna ta da hannu, ya ga ta kai faɗi, ya kawo ya miƙar da ita da gwiwa ya tura wa firinta. Ta ja, ta yi gurnani, ta shaƙe, ta sake ja, da ƙyar ta tofo ta. Ga Gwadabe nan da rawaninsa, sai dai maiƙo ya zagaye masa fuska, yaji kuma ya zauna masa a gemu. Inna ta kai takardar kusa da ido ta daɗe tana kallo, ta shinshina, ta ce dama Malam bai taɓa wuce mai tsire bai tsaya ba. Ta linke ta sa a ƙarƙashin matashi. Firinta kuwa ba ta ƙara aiki ba, domin kafin mako ya zagayo kiyashi sun tare a cikinta da iyalansu.

Wata rana aka kunna murya, alama na tafiya a kan allo, amma sifika shiru. Barira tana gidan biki, hayaniya ta cika mata kunne. Ta ɗaga murya ta ce wataƙila wata waya ce ta saki, ya bi kowace waya da ido da hannu har inda ta ƙare, ya tabbatar a haɗe take. Haladu ya bi ta sifika, ta ƙare a jikin kwamfuta. Ya bi ta maus, haka. Ya bi ta caja, ta kai shi soket. Ya tsaya ya yi nazari, ya ga ai ba a nan ta ƙare ba, domin wata ta fito daga bayan soket ta hau bango. Ya bi ta ta zaure, ta fita ta kama falwayar ƙofar gida. Daga wannan falwaya zuwa waccan, kansa a sama, ya ratsa unguwa, ya wuce makabarta, ya isa taransifoma. Nan ma waya ba ta ƙare ba, ƙaruwa ma ta yi ta yi kauri, ta miƙa cikin gonaki. Haladu ya naɗe ƙafar wando ya bi ta. Ya tsallake rafi, ya faɗa kunyar dankalin wani, ya ba da haƙuri ba tare da ya sauke kai ba. Rana ta yi sanyi sosai lokacin da ya kira Barira daga bakin wani katafaren shinge a gefen babban titi.

"Yaya, duk a haɗe suke har nan. Amma mai gadi ya ce ba zan shiga in ga ƙarshen ba. Ko za ki yi masa magana?"

Mai gadin ne ya karɓi salula, ya roƙi Barira don Allah ta janye ɗan'uwanta, domin ya fara auna tsayin shingen da ido. A bayan motar itace Haladu ya dawo gida. Ya tarar da Inna zaune muryar Malam na tashi. Tana goge ƙura da gefen zane ne hannunta ya murɗa wani ɗan abu a gefen sifika, magana ta dawo. Haladu ya yi hamdala, ya kuma gaya mata ta kwantar da hankalinta game da wayoyi, ya duba su da kansa.

Wata rana wasu maɓallan kibod suka fara maƙalewa, kuma sai da su ake rubuta kalmar sirrin da ke buɗe kwamfuta. Barira ta ce ƙura ce da ɓarɓashin abinci, ya fitar da dattin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli. Tana nufin ya kife shi ya kaɗa, amma ba haka ta ce ba. Haladu ya samo tsinken tsintsiya mai ƙwari, ya ɓamɓare maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya share ƙarƙashin kowanne, ya wanke su da sabulu ya shanya a faifai, ya zauna gadinsu saboda kaji. Da ya zo mayarwa sai ya tsaya. Ya yi firamare har aji uku, kuma abu ɗaya da ya fito da shi daram shi ne jerin baƙaƙe. Tun ranar da aka kawo kibod ɗin yake ganin an hargitsa su, yana jin kunyar faɗa. Yanzu da dama ta samu sai ya jera su yadda malaminsu ya koya musu, daga na farko har na ƙarshe, ya ja da baya ya duba aikinsa ya ji daɗi. Washegari ya danna kalmar sirri harafi bayan harafi, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake, ta ƙi. Barira ta faɗa masa kalmar a salula har muryarta ta dushe, a banza. Kwanaki suka wuce ɗakin Inna shiru, kwano na zuwa yana dawowa, Haladu na zaune a bakin ƙofa ya rasa abin da ke masa daɗi. Ran Asabar Barira ta zo da kanta. Ita da yake hannunta ya saba ba ta duba maɓalli, ta zauna ta buga kalmar, kwamfuta ta buɗe nan take. Sai a sannan ta sunkuya ta ga kibod. Ta daɗe tana kallo. Haladu ya matso ya ce mata ba sai ta gode ba, wanda ya ƙera abin ne da alama bai samu zuwa makaranta ba. A wannan zuwan ma ta baro filash a ɗaya jakar.

Wata rana, ranar kasuwar garin, kwamfuta ta tashi da wani sabon ciwo. Ta daɗe ba ta farka ba, da ta farka kuma sai wani ƙas-ƙas ke fitowa daga cikinta. Haladu ya kunna wa Inna murya, ta saurara, ta yafa mayafi ta tafi gidan suna a unguwar bakin kasuwa. Shi kuma ya kira Barira ya kara salula a jikin kwamfuta don ta ji. Ta ce ya jira ta tambayi mai gyara. Da ta sake kira muryarta ta canja. Ta ce rumbun ajiyar kwamfutar ne ke mutuwa, in ta mutu a wannan karon ba lalle ta sake tashi ba, kuma muryar Baba za ta tafi da ita. Gobe da sassafe za ta zo da filash. Ta rarrabe maganarta dalla-dalla, irin ta wadda ta sha wuya.

"Kada ka rufe ta. Kada ka danna komai. Kada ka bari cajinta ya ƙare. Maimaita in ji."

Ya maimaita ba kuskure. Muryar kuwa tana ta tafiya, domin Barira ta saita ta yadda in ta kai ƙarshe za ta koma farko, kuma tsayar da ita sai an danna. Ba a jima ba aka ɗauke wuta. Haladu ya zuba wa 'yar alamar batir ido, tana raguwa, har ta koma ja. Ya jera umarnin nan uku a ransa ya duba su ta kowane gefe. Wuri ɗaya ne ke da wuta a garin in an ɗauke, rumfar Sabitu mai caji a tsakiyar kasuwa, wanda ke da injin ba da wuta. Ya ɗauko babban tiren Inna, ya ɗora kwamfuta a buɗe da sifikarta da cajarta, ya naɗa gammo, ya aza a ka, ya fito yana taka ƙasa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Daidai lokacin da ya karya kwanar masallaci, naɗin ya kai wurin da Barira ta roƙi tsohon ya gwada mata yadda yake buɗe shela. Murya ta tashi daga saman kan Haladu: "Jama'a, a saurara! Mai gari ya gaishe ku!" Duk wanda ya girma a Marken Dawa ya san wannan murya, kuma duk ya san inda aka binne mai ita. Wanzami ya tsaya da aska a sama, rabin kan mutum a aske. Wani tsoho da ke gyangyaɗi a dakali ya miƙe tsaye yana neman tsari. Mai fura ta dire ƙwaryarta ba shiri. Da suka ga Haladu ne da tire sai tsoro ya koma mamaki, suka bi bayansa. Shi ko waiwaye bai yi ba, hankalinsa na kan jar alama.

Sabitu ya ba shi soket ba musu. Sana'ar Sabitu biyu ce: yana cajin wayoyi, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memorinsu, kuma duk abin da ya ga jama'a sun taru a kansa ba ya bari ya bar rumfarsa bai ɗauka ba. Dattawa suka ce ba sa ji sosai, a sa a babbar sifika. Sabitu ya miƙa hannu, Haladu ya tare shi ya ce Yaya ta hana danna komai. Sabitu ya tambaye shi wa ta hana. Haladu ya mayar da maganar a ransa, ya ga lalle shi ta ce wa kada ya danna, ba ta ambaci Sabitu ba. Ya janye hannu. Yana kallo Sabitu ya haɗa babbar sifika, ya kuma cusa wani ɗan abu a gefen kwamfuta ya yi 'yan danne-dannensa ya zare. Muryar Gwadabe ta cika kasuwa, yana lissafa rijiyoyin garin da waɗanda suka haƙa su, masu jin sunan kakanninsu na gyaɗa kai.

Sai naɗin ya kai wani wuri da Haladu bai taɓa ji ba, saboda kullum yana waje. Aka ji Barira tana tambaya ko akwai shelar da ya so yi bai yi ba. Tsohon ya yi dariya, ya rage murya, amma babbar sifika ba ta san ragi ba.

"Akwai guda. Kin ga uwarki can tana tankaɗe? Tun ranar da aka kawo Marka gidan nan ban taɓa fita shela da ɓacin rai ba. Shekarar da muryata ta dushe mai gari zai sa wani, ita ta yi ta dafa mini citta da kanumfari har ta dawo. Na yi shelar ɓatan jaki, na yi ta ganin wata, na yi ta allurar shanu. Wannan kuwa, ba don kunya ta hana ni ba, da na zagaye gari da ita. Ke, goge wannan wurin."

Nan take wata mai daddawa ta rangaɗa guɗa, aka kwashe da dariya, wasu tsofaffi kuma suka sunkuyar da kai suna gyaran hula. Daga baya aka ce maganar ta kai har gidan suna, inda Inna ke zaune a tsakiyar matan unguwa, ta ja mayafi ta rufe fuska ta tashi ko sallama babu. A rumfar Sabitu kuwa inji ya yi tari, wuta ta yi sama ta yi ƙasa, kwamfuta ta yi ƙas-ƙas na ƙarshe allonta ya yi baƙi. Sabitu ya gwada duk dabararsa ba ta motsa ba. Haladu ya aza ta a ka ya koma da ita gida a buɗe, tunda an ce kada ya rufe.

Da safe Barira ta iso, filash a hannu, karo na farko. Ta danna, ta jijjiga, ta kara kunne, babu komai. Labarin kasuwa kuma tun a mota ta ji shi. Ta juya kan Haladu ta wanke shi tas: ya kashe kwamfuta, ya ɓatar da muryar Baba, ya kuma tona wa Inna abin da ta ɓoye wa kowa. Haladu ya bari ta gama, sannan ya ce bai rufe ba, bai danna ba, kuma da cajinta cike ta mutu, Sabitu shaida ne. Sai Barira ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka, domin ta san wanda ya yi ta mantuwa da filash. Inna tana ɗaki ta juya wa ƙofa baya, tun jiya ba ta ce uffan ba, kwanonta na nan a rufe. Haladu bai gane inda ya yi kuskure ba, amma ya gane kwanon.

Ana cikin haka aka yi sallama a zaure. Sabitu ne, idonsa ja saboda aiki. Ya ce tun jiya bai tura wa kowa waƙa ko ɗaya ba, kowa muryar Gwadabe yake so, har direbobin da suka zo ɗaukar hatsi sun tafi da ita. Ya ce kwabo bai karɓa a kanta ba, kuma ya ga bai dace duk gari na da ita masu ita ba su da ita ba. Ya miƙa wa Haladu ɗan memori ƙunshe a leda. Barira ta karɓa, ta buɗe bayan salular Inna ta saka, ta shiga ɗaki ta ajiye a bakin gado.

Gwadabe ya yi gyaran murya ya fara. Inna ba ta juyo ba, amma kafaɗarta ta sauka. Ta saurari rijiyoyi, ta saurari shela, har aka wuce wurin citta da kanumfari. Sannan ta tashi zaune ta gyara ɗankwali, ta kira Haladu. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa yana jiran hukunci. Ta tambaye shi, ba tare da ta dube shi ba, ko da aka sa a babbar sifika an ji wannan wurin sosai, ko hayaniyar kasuwa ta danne.

"An ji, Inna. Har rumfar mahauta. Sarkin fawa ma sai da ya ajiye wuƙa."

Inna ta kai gefen mayafi bakinta ta daɗe a haka.

"Mutumin nan ba shi da kunya," in ji ta. "Jeka ɗumamo mini tuwon jiya."